Ana Son Likita, Ana Gudun Malaminsa: Raddi Ga Masu Wofintar Da Ɗaliban Koyar Da Kimiyya Da Lissafi

 

Ya kai mai karatu, akwai wata mas'ala da ta daɗe tana cin al'ummarmu irin cin da gara ke yi wa azara, daga waje ka ga ɗaki a tsaye, alhali daga ciki an gama da shi. Kowane uba yana son ɗansa ya zama likita ko injiniya. Kowane gwamna, duk inda aka miƙa masa lasifika, sai ya yi kukan ƙarancin likitoci da masana aikin ruwa da na lantarki a jiharsa. To amma tambaye su gaba ɗaya: wane ne zai tsaya gaban allo ya koya wa yaron nan lissafi da fiziks da kemistiri, waɗanda in babu su ko ƙofar makarantar likitanci ba zai leƙa ba? Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Manufar wannan rubutu ita ce tabbatar da cewa jami'o'inmu da gwamnatocinmu da mu kanmu iyaye mun haɗu mun wofintar da ɗalibin da ke nufin zama malamin kimiyya ko lissafi, kuma tallafa masa tun yana jami'a haƙƙi ne da ke wuyanmu, wanda jinkirta shi cin amana ne.

Ta wace ƙofa yake shiga?

Mu fara da ranar da yaro ke shiga jami'a. Sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa bin layin neman gurbi cewa mafi yawan waɗanda ke karatun digirin koyar da kimiyya ba shi suka nema ba tun farko. Yaro ya nemi likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci, makinsa bai kai ba, sai a tura shi tsangayar ilimi, a ce masa ya yi haƙuri da wannan kafin Allah ya kawo wata dama. Ya shiga da baƙin ciki, ya shekara huɗu yana neman hanyar sauya sashe, ya fita yana neman aikin banki ko kwastan. Wanda ya shiga sana'a yana kuka, yaya zai sa yara su ƙaunace ta?

Wannan raini ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake. A taron da hukumar JAMB ta yi da shugabannin manyan makarantu a 2025, an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a shiga jami'a da shi, 140 ga makarantun aikin jinya, amma kwalejojin horar da malamai aka bar su a kan maki 100 cikin 400. Ma'ana, wanda ya faɗi kashi uku cikin huɗu na jarrabawa an yarda ya zama shi ne zai gina tushen karatun 'ya'yan talakawa. Da a ce an sanar cewa matuƙin jirgin sama zai shiga horo da rubu'in maki, da ƙasar nan ta ɗauki ɗumi. Amma da yake malami ne, ba wanda ya ce uffan. Sannan muka yi mamaki a 2017 lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa cin makin da aka gindaya a jarrabawar da aka tsara bisa darasin 'yan aji huɗu. Mene ne abin mamaki? Abin da mutum ya shuka shi zai girba.

Shi kuwa ɗalibin koyar da kimiyya a jami'a, nauyi biyu yake ɗauka. Yana shiga darasin kemistiri ko fiziks tare da 'yan tsangayar kimiyya, ya koma tsangayar ilimi ya karanci dabarun koyarwa da halayyar yara da tsara manhaja, sau da yawa lokutan darussan biyu suna karo da juna, kowace tsangaya tana ganin ba ɗanta ba ne. Idan lokacin gwajin koyarwa ya zo, a aika shi wata sakandare na makonni, kuɗin mota daga aljihunsa, kwali da alƙalamin zane daga aljihunsa, wani lokaci har alli. Ya isa makarantar ya tarar da ɗakin gwaje-gwaje a kulle, ko a buɗe amma babu komai ciki sai kwalabe da yanar gizo-gizo. Wannan shi ne tarbon da muke yi wa wanda muke jira ya fitar mana da likitoci.

Ranchen da muka daɗe muna ci

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ba haka ba ne. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, makarantar horar da malamai ce, kuma zaɓaɓɓun yara ake kai wa. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito, dukansu kuwa sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Shehu Shagari malamin kimiyya ne a makarantar Midil ta Sakkwato. Umaru Musa 'Yar'aduwa digirin ilimi da kemistiri ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kammala a 1975, ya kuma koyar shekaru kafin ya shiga kasuwanci da siyasa. A wancan zamani ɗalibin kwalejin horar da malamai ana ciyar da shi, ana ba shi wurin kwana da ɗan alawus, aiki kuwa yana jiransa tun kafin ya fito.

Sai dai ko a lokacin, a fagen kimiyya da lissafi, aro muka fi dogara da shi. Lokacin da Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, aka yi dabara mai kyau: aka tace yara masu hazaƙa, aka ba su kayan aiki da kulawa, kuma Arewa ta ga amfanin haka, domin da yawa daga likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa ta nan suka biyo. Amma duk wanda ya yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 zai shaida cewa malaman fiziks da kemistiri da lissafi da yawansu 'yan Indiya ne da Pakistan da Gana da wasu ƙasashe. Da aka kori baƙi marasa takardu a 1983, aka kuma shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, sai baƙin malamai suka tattara suka tafi. Kayan aro ba ya rufe katara. Maimakon mu ɗauki darasi mu raini namu, sai muka koma wani aron: masu bautar ƙasa. Kowace shekara a kawo matashi baƙo, bai san harshen yaran ba, sau da yawa bai taɓa karanta dabarun koyarwa ba, kafin ya gane sunayen ɗalibansa shekararsa ta cika ya tafi. Yaro ya yi aji huɗu da malami ɗaya, aji biyar da wani, aji shida babu kowa. Laifin ba na mai bautar ƙasa ba ne, shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Laifin na wanda ya mai da baƙo ginshiƙin gida ne.

Alkawarin da hauhawar farashi ya cinye

Za a ce ai gwamnati ta yi wani abu. To mu duba abin da ta yi da adalci. Ranar 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da jerin alkawura: tsarin albashi na musamman ga malamai, alawus ga malaman kimiyya da masu koyarwa a karkara, tallafin karatu ga ɗaliban fannin ilimi, da ɗaukar su aiki kai tsaye in sun gama. A Oktoba 2021 aka faɗi adadi: naira 75,000 kowane zangon karatu ga mai digirin ilimi a jami'ar gwamnati, naira 50,000 ga mai karatun NCE. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki.

Niyyar tana da kyau, ba ma musun haka. Amma akwai illoli uku a jikinta. Na farko, adadi ne a tsaye, ba ya motsi. A 2021, da farashin gwamnati na kimanin naira 410 kan dala ɗaya, naira 75,000 ta haura dala 180. A 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin naira, dala ta haura naira 1,500, sai kuɗin nan ya koma kamar dala 50. Na biyu, bai bambanta fannin da ake da yunwarsa da wanda aka ƙoshi da shi ba. Mai shirin koyar da fiziks, wanda ake nema ruwa a jallo, an auna shi da mudu ɗaya da kowa. Na uku, kuma shi ne mafi girma, gwamnatin tarayya ta yi alkawarin aiki da albashi, alhali mafi yawan malaman sakandare ma'aikatan jihohi ne. Ta yi kyauta da akuyar da ba tata ba. Ƙara wa tsohon malami shekara biyar kuwa jinkirta ranar wofi ne kawai, in ba a raino wanda zai gaje shi ba.

Haka nan ɗaga kwalejojin ilimi irin na Kano da Zariya zuwa matsayin jami'o'i. Sauya allon bakin ƙofa ba ya sauya halin ɗalibin da ke ciki, muddin yana shiga da ragowar maki, yana karatu da yunwa, yana fita babu tabbas. Sai ga shi a Oktoba 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi da makamantansu. Ko mene ne hujjar masu wannan mataki, mai hankali ya san abin da ya haife shi: yara sun yi ta faɗuwa lissafi, aka kasa samar musu malami, sai aka rage tsawon katanga. Zazzaɓi na nan, an fasa ma'aunin zafi.

Yadda wasu suka yi

Kada wani ya ce abin ba shi da magani. A 1997 Jami'ar Texas da ke birnin Austin a Amurka ta fara wani shiri mai suna UTeach, bayan ta lura cewa ɗalibanta na kimiyya kaɗan ne ƙwarai ke zama malamai. Tsangayar kimiyya da ta ilimi suka haɗa hannu. Aka gayyaci ɗalibin lissafi ko fiziks tun a shekararsa ta farko ya ɗauki wani ƙaramin darasi wanda a cikinsa zai je makarantar yara ya gwada koyarwa, ya ɗanɗana ya ji ko zai iya, aka kuma sauƙaƙa masa kuɗin wannan darasi. Aka ɗauko gogaggun malaman sakandare aka ba su matsayi a jami'a domin su riƙe hannun waɗannan matasa. Aka tsara karatun yadda cikin shekara huɗu ɗalibi zai fita da cikakken digirinsa na kimiyya tare da shaidar koyarwa, ba a rage masa komai ba. Jami'o'i fiye da 40 a Amurka sun kwaikwayi tsarin.

A 2002 majalisar dokokin Amurka ta samar da tallafin karatu mai ɗauke da sunan Robert Noyce, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin Intel. Sharaɗin da aka gindaya a fili yake: duk shekara ɗaya da aka biya maka, za ka koyar shekara biyu a yankin da ke fama da ƙarancin malamai, in ka ƙi kuwa kuɗin ya koma bashi a kanka. In an ce Amurka ta yi nisa, ga Afirka ta Kudu. A 2007 ta fara tallafin Funza Lushaka, mai biyan kuɗin makaranta da wurin kwana da littattafai da ɗan abin kashewa, ana fifita fannonin da ake buƙata irin lissafi da kimiyya, ɗalibi kuma ya koyar a makarantar gwamnati shekara ɗaya a madadin kowace shekara da aka ɗauki nauyinsa. Dubi abin da ya haɗa su: an nemo ɗalibi da wuri, an biya shi abin da zai ishe shi, an haɗa shi da gwani, an ɗaure shi da alkawari. Babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Shubuhohi da amsoshinsu

Shubuha ta farko, babu kuɗi. Amsa: tun 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilimi, wanda daga baya a 2011 ya zama asusun TETFund, kuma duk wanda ya shiga jami'o'inmu ya ga gine-ginen da aka yi da shi. Jihohinmu kuma suna kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗalibai ƙasashen waje karatun likitanci da tuƙin jirgi. Kuɗin da ke ɗaukar ɗalibi ɗaya a waje zai riƙe ɗaliban koyar da lissafi da dama a gida, kowanne kuwa zai koyar da dubban yara a tsawon aikinsa. Kuɗi akwai. Gini ne ake iya yanke masa kyalle a ɗauki hoto, ɗalibi ba a iya manna masa allon sunan gwamna.

Shubuha ta biyu, in an taimake su za su gudu su bar koyarwa. Amsa: maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce da mai tsaya wa ɗalibi, kamar yadda aka saba a Arewa tun da, kuma kamar yadda muka gani a ƙasashen da muka ambata. Wanda ya koyar shekara huɗu ko biyar sannan ya tafi, ai ya biya. Kuma wanda ke tsoron gudun malami ya gyara albashinsa, ya biya shi kan lokaci. Ba a hana tsuntsu tashi ta hanyar hana shi tsaba.

Shubuha ta uku, duk wanda ya san lissafi zai iya koyar da shi, don haka babu buƙatar wani shiri. Wannan maganar wanda bai taɓa tsayawa gaban yara tamanin ba ce. Sanin abu daban, sanin inda yaro ke ɓacewa a cikinsa daban. Malamin da aka horar ya san dalilin da ya sa yaro ke ɗaukar rubu'i ya fi sulusi girma don huɗu ta fi uku, ya kuma san zai warware masa da raba ƙosai ko mudun gero, da Hausar da yaron ke mafarki da ita, kafin ya mai da shi ga Turancin jarrabawa. Wannan fanni ne mai zaman kansa, kuma ɗan gida ya fi kowa dacewa da shi.

Shubuha ta huɗu daga cikinmu take fitowa, mu da muka yi karatun Larabci da addini: wai wannan harkar 'yan boko ce, ba ruwanmu. Subhanallahi! Da me ake raba gado, a fitar da sumuni da sudusi? Da me ake lissafin nisabi? Al-Khawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, babban kaso na littafinsa na aljabara a kan mas'alolin wasiyya da gado ya yi shi. Imam al-Ghazali ya lissafa ilimin likitanci da na lissafi cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda mutanen zamaninsa suka yi cincirindo a kan saɓanin fiƙihu suka bar likitanci. Malaman usulu kuwa sun tabbatar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Mu ne kullum ke kukan matanmu ba su samun likita mace a asibiti. To likita mace daga ina za ta fito in makarantar 'yan mata ba ta da malamar kemistiri? Wanda ya yi kukan farko ya yi shiru a kan na biyu, kukansa na baka ne.

Kira

Ga shugabannin jami'o'i: ku daina mai da tsangayar ilimi juji. Ku ware gurabe na musamman ga masu babban maki da suka zaɓi koyar da kimiyya da kansu, ku yafe musu kuɗin rajista, ku ba su fifiko a ɗakunan kwana. Ku buɗe ƙofa ga ɗalibin tsangayar kimiyya ya gwada koyarwa tun shekarar farko. Ku ɗauko gogaggun malaman sakandare, har da waɗanda suka yi ritaya, su zama masu riƙon hannu. Ku biya kuɗin gwajin koyarwa.

Ga gwamnoni: kowace jiha ta ƙirga makarantunta da ba su da malamin lissafi da fiziks da kemistiri, ta bayyana adadin ga jama'a, ta ɗauki nauyin ɗalibai daidai wannan giɓi daga ƙananan hukumomin da abin ya shafa, da takardar ɗaukar aiki a hannu. Ga gwamnatin tarayya: asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 hanya ce a buɗe, a yi doka cewa duk wanda ya koyar da kimiyya ko lissafi a makarantar gwamnati ta karkara na wasu shekaru, an yafe masa bashinsa.

Ga mawadata da ƙungiyoyi masu makarantu: wanda ya iya gina aji goma ya iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyu da za su koyar a ciki. A kafa waƙafi domin wannan, a fifita 'yan mata. Ga iyaye: ku daina yi wa yaron da ya ce yana son koyarwa kallon wanda ya yi asara, ku daina hana malami auren 'ya'yanku don shi malami ne. Ga ɗalibi mai hazaƙa kuwa: ka sani likita yana duba marar lafiya ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa aji guda na likitoci za ka fitar, kuma ladan kowannensu ba zai wuce ka ba in ka kyautata niyya.

Yaran da ke aji ɗaya na sakandare bana, nan da shekara shida za su zauna jarrabawar fita. Wanda zai koya musu fiziks a aji shida, yanzu haka yana cike takardar JAMB, yana shawarar abin da zai zaɓa. Abin da muka tanadar masa shi zai yanke wannan shawara.

Allah ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta, ya shiryi shugabanninmu, ya saka wa malamanmu da alheri.